Mujallun Finafinan Dodanni

Mujallun finafinan dodanni sun yi tashe a Amurka daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, kuma yara da samari ne akasarin masu sayensu. Talabijin ce ta buɗe musu kasuwa. A 1957 kamfanin Screen Gems ya bai wa tashoshin talabijin tsofaffin finafinan ban tsoro 52 na kamfanin Universal a dunƙule, ciki har da Dracula da Frankenstein na 1931. Yaran da ba a ma haife su ba sa'ad da aka yi finafinan suka riƙa kallonsu cikin dare, suna tambayar ko su wane ne Bela Lugosi da Boris Karloff, taurarin finafinan.

Amsar ta zo a 1958, lokacin da mawallafi James Warren da edita Forrest J Ackerman suka fitar da Famous Monsters of Filmland. Niyyarsu fitowa ɗaya ce tak, sai ta ƙare a kasuwa, har aka kai fitowa ta 191 a 1983. Takardar mai arha ce, hotunan ciki baƙi da fari, rubutun cike da barkwanci. Bangon ne ke jan ido, musamman tun da Basil Gogos ya fara zana shi a 1960, yana yi wa fuskokin dodanni launuka masu ƙarfi, tare da wani tausayi a idanunsu.

An sha yi wa mujallar kallon kayan yara, amma aikin da ta yi ya wuce haka nesa. A wancan zamani babu bidiyo a gidaje. Fim in ya wuce a sinima ko talabijin, ya wuce ke nan, sai abin da takarda ta riƙe. Ackerman ya tara dubban hotuna da kayan fim a gidansa na Los Angeles, daga nan yake ciyar da shafukan. Ta haka yara suka san London After Midnight na 1927, fim ɗin Lon Chaney da kwafinsa na ƙarshe ya ƙone a gobarar ma'ajiyar MGM. Ta haka kuma suka san cewa bayan kowane dodo akwai mai sana'a: Jack Pierce da ya tsara fuskar dodon Frankenstein, Willis O'Brien da ya motsa King Kong a 1933, da almajirinsa Ray Harryhausen. A 1965 Warren ya buga littafin Dick Smith mai koyar da kwalliyar dodanni a gida, kuma Rick Baker, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar, yana cikin yaran da suka koya daga gare shi. Joe Dante, daraktan Gremlins, yana matashi aka buga rubutunsa a mujallar.

Kishiyoyi ba su daɗe ba suka fito. Castle of Frankenstein ta Calvin Beck, daga 1962, ta fi zurfin sharhi, tana kuma kula da finafinan Turai. Faransa ta samu Midi-Minuit Fantastique a wannan shekarar, Ingila kuma House of Hammer a 1976.

Star Wars na 1977 ya karkatar da hankalin yara zuwa sararin samaniya, sannan mujallar Fangoria ta zo a 1979 da hotuna masu launi na jini da raunuka. Bidiyon kaset ma ya sa fim ɗin kansa ya shigo gida. An farfaɗo da Famous Monsters a 1993, amma saɓani tsakanin Ackerman da sabon mawallafin ya kai su kotu. Ackerman ya rasu a Disambar 2008.