Kamfani Ya Kore Su, Kamfani Ya Tarye Su

'Yan'uwa 'yan kasuwa, a wannan bikin cikar shekara na ƙungiyarmu, yana da kyau mu waiwayi yadda 'yan'uwanmu Hausawa suka zauna a Jazira da bakin Shuɗin Nil a Sudan, domin akwai darasi a ciki.

Ciniki ne ya fara kawo Turawan Ingila ƙasarmu. A 1886 gwamnatinsu ta ba Royal Niger Company izinin mulki, da sojojinsa da harajinsa. A 1900 gwamnati ta karɓi ragamar daga hannunsa, a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Can ma kamfani suka tarar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira domin masaƙun Lankasha. Ruwa da ƙasa na hannun gwamnati, noma na manomi, amma tafiyar da aiki an danƙa wa Sudan Plantations Syndicate. Shi ke ba da iri da bashi, shi ke gurzar auduga, shi ke sayarwa. Manomi na da kashi 40 cikin 100 na riba, amma ba ya ganin ciniki, sai abin da aka rubuta masa. Baturen kamfani, wanda ake kira mufattish, shi ke faɗin abin da za a shuka da ranar ban ruwa, kuma sakaci na iya raba mutum da hawasharsa, wato gonar da aka ba shi. Ko hakimi sai haka.

Mutanenmu da yawa tsinkar auduga suka yi, suna zaune a bukkokin da ake kira kambo, a gefen ƙauyuka. A 1946 manoma suka yi yajin aiki a kan kuɗinsu da ke ajiye a asusu. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare, Hukumar Jazira ta gaje shi a Barakat, amma zaman kambo ya ɗore.

Darasinmu shi ne, duk wanda ya riƙe bashi da sikeli da hanyar kasuwa shi kaɗai, ya riƙe mulki ko bai naɗa rawani ba. Saboda haka kafin mu sa hannu a yarjejeniya da kowane kamfani, mu tambaya: wa ke awo, wa ke yanka farashi, wa ke riƙe da littafin lissafi? Allah Ya ƙara haɗa kanmu.