Yadda Ake Ciro Hoto Mai Kyau Daga Cikin Bidiyo, Tun Daga Kaset Har Zuwa Waya

Kusan kowa ya san wannan takaicin: kana kallon bidiyon biki ko wata waƙa, ka ga wani waje ya yi kyau, ka tsayar ka danna sikirinshot. Da ka buɗe hoton sai ka ga fuska ta yi dishi-dishi, hannu ya koma kamar hayaƙi, ga baƙi sama da ƙasa, wani lokacin ma alamar tsayarwa na zaune a kan hancin amarya. In don sitatus ne ba komai. Amma akwai gidajen da hoton mahaifi ko kakar da ta rasu babu shi a ko'ina sai a cikin kaset ɗin wani biki ko suna na shekara 20 baya. A nan kam dole a bi aikin a tsanake, domin abin da ka ciro shi za a wanke a rataye a falo.

Bidiyo hotuna ne a jere, amma ƙanana

Bidiyon da aka ɗauka da kyamarar kaset ko aka sa a DVD a Najeriya da Nijar yana tafiya ne da hoto 25 a duk sakan ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira firem. Ke nan bikin awa ɗaya yana ɗauke da firem 90,000. Waya kuma yawanci 30 take ɗauka, ko 60 in ka saita ta. Hotuna dai ga su nan birjik, matsalar ita ce girman kowane ɗaya, kuma girman nan tun ranar ɗauka aka yanke shi.

Faifan VCD, wanda aka riƙa sayar da finafinan Hausa a kai bayan zamanin kaset, fiksel 352 a faɗi da 288 a tsaye yake da shi, wato kashi ɗaya cikin goma na megafiksel. DVD da kaset ɗin MiniDV 720 da 576 ne, bai kai rabin megafiksel ba. Bidiyon 1080p yana ba da 1920 da 1080, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya. Shi kuwa 4K, 3840 da 2160 ne, ya haura megafiksel 8.

Me wannan yake nufi a wajen mai wankin hoto? Hoton da za a riƙe a hannu a duba, ana son fiksel kamar 300 a kowane inci. A wannan lissafin firem ɗin VCD ko girman fasfo bai cika ba. Na DVD zai ba ka inci 2 da rabi a faɗi, in ka matsa masa zai yi hoton kati mai inci 4 da 6 amma da ɗan laushi. Na 1080p yana yin katin nan lafiya lau, na 4K kuma ana iya kai shi girman takardar A4 ba tare da an ji kunya ba. Bana ta titi wani lissafi ne daban, tunda daga nesa ake kallonta ba ta buƙatar fiksel 300.

Nemi asalin fayil kafin komai

Wannan shi ne rabin aikin wallahi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp an matse shi, wanda ya bi ta Facebook ko TikTok an matse shi, in kuma wani ya sauke ya sake turawa an ƙara matsewa. Kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ga fuska ta rarrabu gida-gida kamar tayil. Je ka wajen wanda ya ɗauka da wayarsa, ko mai bidiyon da aka ɗauko haya, ka karɓa ta Xender ko filashi ko kebul. In dole sai ta WhatsApp, a turo maka a matsayin dokumen, a haka fayil yake zuwa yadda yake.

In faifai ne a hannunka, kar ka kunna shi a talabijin ka ɗauki allon da waya. Sa shi a kwamfuta ka kwafe fayil ɗin. A DVD za ka ga folda mai suna VIDEO_TS, manyan fayilolin da suka ƙare da VOB su ne bidiyon. A VCD kuma foldar MPEGAV ce, fayilolinta suna ƙarewa da DAT. Manhajar VLC tana buɗe su duka, kuma kyauta ce.

Dalilin da ya sa sikirinshot yake cin amana

Sikirinshot allon wayarka yake ɗauka, ba bidiyon ba. A ce bidiyon 4K ne kwance, kai kuma ka riƙe waya a tsaye, allonta fiksel 1080 ne a faɗi: abin da za ka samu 1080 da 608 ne kawai, sauran duk baƙi. In ƙaramar waya ce mai allon 720, ka tashi da 720 da 405. Ka ga daga megafiksel 8 ka dawo ƙasa da ɗaya da hannunka. In babu yadda za ka yi, aƙalla kwantar da wayar, bidiyon ya cika allo, ka jira alamomin su ɓace tukuna.

Hanyar da ta fi a Android ita ce Google Photos. Buɗe bidiyon, shiga wajen gyara, ja har inda kake so, ka danna Export frame, zai ajiye maka firem ɗin a matsayin hoto. Masu Samsung kuma akwai ɗan maɓallin ɗaukar firem a cikin manhajar kallon bidiyo ta wayar.

Amma gaskiya kwamfuta ta fi daɗin aiki. A VLC, tsayar da bidiyon kaɗan kafin wajen da kake so, sai ka riƙa danna harafin E, duk danna ɗaya firem ɗaya ne gaba. Da ka zo kan wanda ya yi maka, danna Shift da S tare, zai ajiye hoton da girman bidiyon a foldar hotuna. Illar E ita ce ba ta komawa baya, in ka wuce sai ka ja baya ka sake tahowa. Ka tabbata a saitin manhajar PNG aka zaɓa ba JPG ba, saboda JPG yana ƙara tasa matsar a kan wadda ke akwai. A YouTube ta kwamfuta kuwa, in ka tsayar, maɓallin aya yana gaba da firem ɗaya, na waƙafi yana baya.

Masu ƙarfin hali akwai ffmpeg, wadda ba ta da maɓallai sai rubutu. Wannan layin zai zazzage maka duk firem ɗin sakan 2, farawa daga minti 12 da sakan 30:

ffmpeg -ss 00:12:30 -i biki.mp4 -t 2 hoto%03d.png

Sai ka tashi da hotuna 50 ko 60 a folda, ka zauna ka zaɓa da ido. A ganina babu hanyar da ta kai wannan.

Zaɓen firem

Kyamarar bidiyo tana barin idonta a buɗe na kamar kashi ɗaya cikin 50 na sakan a kowane firem, in wajen da duhu ma har ya fi haka. Duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin zai ja jela. Ana kallo ba a lura, har ma shi ke sa motsi ya yi santsi, sai an tsayar yake tona asiri. To a nemi inda motsi ya tsaya cak. Mai rawa in ta ɗaga hannu, akwai ɗan lokacin da hannun ya kai ƙarshe bai fara saukowa ba, nan ne firem ɗinka. Mai magana kuma a jira ƙarshen jimla, ko lokacin da yake sauraron wani, in ba haka ba za ka kama baki a karkace ko ido rabi a rufe. Ka guji lokacin da mai kyamara yake juyawa ko yake zuƙowa.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: firem-firem ɗin ba ɗaya suke ba ko da babu motsi. Don a rage nauyin fayil, ana ajiye cikakken hoto ne jefi-jefi, sauran da ke tsakani bambancin kawai ake ajiyewa. A DVD cikakken yana zuwa kamar duk rabin sakan, a bidiyon intanet kuwa sai a yi sakan da yawa. Cikakken nan sau da yawa ya fi tsabta. Don haka kar ka amince da firem ɗin farko da ka tsaya a kai, duba goma gaba da goma baya, za ka ga wani ya fi wani fitowa tar.

Haƙoran mataji da siririyar fuska

Duk wanda ya taɓa tsayar da tsohon bidiyo ya ga wannan: gefen hannu ko fuska ya yi zara-zara kamar haƙoran mataji. Ba lalacewa faifan ya yi ba. Tsohuwar kyamara tana raba kowane firem gida biyu, ta ɗauki layukan mara daban, na cika daban, da tazarar kashi ɗaya cikin 50 na sakan a tsakaninsu. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna su bi da bi, ita kuwa kwamfuta tana haɗa su a hoto ɗaya, sai abin da ya motsa ya fito a wuri biyu. A VLC shiga Video, ka kunna Deinterlace, ka zaɓi Yadif kafin ka ɗauki hoton. A ffmpeg ka ƙara -vf yadif kafin sunan hoton.

Sai kuma faɗi. Fiksel ɗin DVD ba murabba'i ba ne, don haka in hotonka ya fito 720 da 576 daidai, mutane za su ɗan matse. In bidiyon irin na tsohuwar talabijin ne, mayar da shi 768 da 576. In mai faɗi ne irin na silima, 1024 da 576. In ba ka yi haka ba, Hajiya za ta rantse ba ta taɓa ramewa haka ba.

Kaset na VHS

Kannywood kanta a kan kaset ta tashi, tun daga Turmin Danya a 1990, kuma bukukuwan wancan lokacin duk a kaset aka ɗauke su. VHS ya fi kowa rauni, layuka kamar 240 kawai yake iya rarrabewa, kala kuma tana malala ta wuce iyakarta, musamman ja. Ana buƙatar bidiyo mai kaset da ke aiki da ɗan na'urar USB mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja. A gyara tirakin har ƙurar allon ta kwanta, a ɗauke a 720 da 576 ba tare da an matse sosai ba, daga baya a yanke ɗan layin da ke rawa a can ƙasa. Kaset ɗin da ka ga farin fumfuna a jikin zarensa kar ka cusa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar kuma zai iya tsinkewa, a kai wa mai gyara ya share tukuna. Shi kuwa MiniDV ta kebul ɗin FireWire ake kwafe shi, awa ɗaya tana cin kamar gigabait 13, amma abin da ke kaset shi za ka samu cif.

Gyara, da maganar Remini

Ajiye asalin hoton gefe, ka yi aiki a kan kwafi. Ɗan ƙarin haske, gyaran kala in fitilar holin ta mayar da kowa ruwan ɗorawa, da ɗan kaifi kaɗan, duk Snapseed tana yi. Kaifin in ya yi yawa sai farin zobe ya zagaye fuska. Hoton da kalarsa ta lalace ƙwarai, gwada mayar da shi baƙi da fari, tsofaffin hotunan kaset sukan yi kwarjini a haka.

Su Remini da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙirowa suke yi. In fuskar babba ce a firem kuma da ɗan haske, sakamakon yakan burge. In ƙarama ce a can cikin taro, manhajar za ta zana ido da haƙora daga kanta, ta goge zane ko tsagar fuska, ta ba ka wani mutum daban mai kama da naka. Ga hoton jarumi da za a yi fosta da shi wannan da sauƙi. Ga hoton mamaci kuwa, a nuna wa wanda ya san shi sosai kafin a wanke. In ya ce ba shi ba ne, a koma kan mai dishi-dishin.

A kula kuma da hotunan mutane. Bidiyon kamu ko na dina na gida ne, matan da ke ciki ba su yi kwalliya don intanet ba. A tambaya kafin a ɗora, ana kashe aure a kan ƙasa da haka. Firem ɗin fim ko waƙa kuma a bar tambarin masu shi, a ambaci sunan fim ɗin.

In kai ne za ka ɗauka gobe

Goge gilashin kyamara da gefen riga, saita 4K in wayar tana da shi kuma akwai wuri, ka sa haske ya kasance a bayanka yana dukan fuskar mutane. Matsa kusa da ƙafarka maimakon zuƙowa da yatsu. In da rawa kuma da haske sosai, firem 60 ya fi kama motsi. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a sakan, shi ya sa wani lokaci a ƙarƙashin fitilar holi ake ganin baƙaƙen layuka suna yawo a bidiyon 30 ko 60. In wayarka tana da zaɓin 25 ko 50, koma can. Masu iPhone 12 zuwa sama, bidiyon HDR yakan fito fari fat in an ciro firem a kwamfuta, gara a kashe shi a saitin kyamara tun kafin a fara. Kuma duk wanda ka san za a nemi hotonsa daga baya, kamar tsofaffin gida, tsayar da kyamara a kansa ka ƙirga biyar a zuci kafin ka wuce, wannan kaɗai firem 150 ne da za a zaɓa a ciki.