Shirin darasin harshe

Shirin darasin harshe shi ne rubutaccen tsarin da malami yake tanada kafin ya shiga aji. A ciki yakan bayyana manufar darasin, matakin ɗalibai, kayan koyarwa, lokacin da kowane sashe zai ci, da yadda zai auna fahimta. Kyakkyawar manufa takan faɗi abin da ɗalibi zai iya yi da harshen bayan an tashi, misali tambayar farashi a kasuwa.

Tarihi

Ana danganta raba darasi zuwa matakai ga masanin falsafa Bajamushe Johann Friedrich Herbart (1776–1841), wanda almajiransa suka tsara matakai biyar. A fannin koyar da harshe, tsarin da ya fi shahara shi ne PPP, wanda littafin Donn Byrne na shekarar 1976 ya taimaka wajen yaɗa shi.

Matakan PPP

Da farko malami yakan gabatar da sabuwar kalma ko ƙa'idar nahawu cikin hira ko hoto. Sai ɗalibai su maimaita, yana yi musu gyara. Daga ƙarshe su ƙirƙiri nasu jimlolin.

Suka

Masu suka sun ce ɗalibi kan iya jimla a aji, amma ta gagare shi a waje. Shi ya sa N. S. Prabhu a Indiya, da Jane Willis a littafinta na 1996, suka fifita gina darasi a kan aikin da sai da magana yake yiwuwa.