Hôtel-Dieu na Liyon: Daga Masaukin Matafiya Zuwa Otal

Birnin Liyon na ƙasar Faransa yana zaune ne a inda koguna biyu, Rhône da Saône, suke haɗuwa, kuma tun zamanin Rumawa yake mahaɗar hanyoyin fatauci. Duk wanda zai tsallaka Rhône zuwa gabas sai ya bi ta gada, kuma a gindin wannan gadar ne aka kafa Hôtel-Dieu. Rubuce-rubuce sun fara ambatonsa a shekarar 1184, lokacin da wasu 'yan'uwa masu hidimar addini da ke kula da gadar suke saukar da matafiya da masu ziyarar ibada da talakawan da ba su da wurin kwana. Gida ne ƙarami, ana ba baƙo gado da abinci, idan ba shi da lafiya a yi jinyarsa.

A shekarar 1478 hukumar birnin ta karɓi ragamar gidan, daga nan ya fara zama asibiti sosai. A 1532 aka naɗa François Rabelais likitan gidan, kuma a wannan zaman nasa na Liyon ne ya fitar da littattafan da suka ɗaukaka sunansa a adabin Faransa.

Ginin da ake gani yau a bakin kogi aikin ƙarni na 18 ne. Magini Jacques-Germain Soufflot, wanda daga baya ya zana Panthéon na Paris, shi ya tsara doguwar fuskar nan mai kusan mita 375 da babbar ƙubbar da ke tsakiyarta. An yi ƙubbar ne domin ta riƙa janye gurɓatacciyar iska daga ɗakunan marasa lafiya, aka kuma kafa bagadi a ƙarƙashinta domin majinyata su ga ibada daga gadajensu. A 1802 gidan ya shiga cikin ƙungiyar asibitocin birnin, Hospices Civils de Lyon, a 1896 kuma likita Étienne Destot ya fara ɗaukar hoton ƙashi a nan.

Ƙarni na 20 ya zo da jarrabawa. A 1934 aka rushe asibitin Charité da ke maƙwabtaka, aka bar hasumiyarsa kawai, amma Hôtel-Dieu ya tsira. A watan Satumba na 1944, ana faɗan 'yantar da birnin a Yaƙin Duniya na Biyu, wuta ta cinye ƙubbar, sai da aka sake gina ta. Asibitin ya ci gaba da aiki har 2010, kuma dubban mutanen Liyon a ɗakin haihuwarsa suka fara ganin duniya.

Bayan rufe shi, kamfanin Eiffage ya gyara ginin. An buɗe shi ga jama'a a 2018 da shaguna da wuraren cin abinci, a 2019 kuma otal ɗin InterContinental mai ɗakuna 144 ya fara karɓar baƙi.

Da ba a ba ginin sabon aiki ba, da lalacewa ta cinye shi, domin gini ba ya rayuwa sai da mutane a ciki. Sai dai kwana a nan yanzu na masu hannu da shuni ne. Saboda haka hakki ne a kan masu kula da wurin su bar farfajiyoyinsa a buɗe ga kowa, su kuma riƙa gaya wa baƙi tarihin majinyatan da aka gina shi dominsu.