Tarihin Zane da Umarnin Kwamfuta

Zane da umarnin kwamfuta reshe ne na fasahar zane wanda mai yinsa ba ya ɗaukar alƙalami ya ja layi da hannunsa. Aikinsa shi ne ya rubuta ƙa'idoji cikin yaren da na'ura ke ganewa: a ja layi mai tsawo kaza, a juya dama, a maimaita sau ɗari, in an kai gefe a sauya launi. Na'ura ta bi umarnin, hoto ya fito. Sau da yawa mai zanen kan bar wani sashe na aikin a hannun ƙuri'a, ta yadda duk sa'ad da aka kunna shirin sai ya fitar da hoto dabam, amma kowa ya gani ya san tushensu ɗaya. Fannin ya ƙunshi hoto tsayayye da mai motsi, da sauti, da shafukan intanet masu amsa taɓawar mai kallo. A kwamfuta tarihinsa ya soma ne cikin shekarun 1960, sai dai tunanin da aka gina shi a kai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A ƙasar Hausa an daɗe da raba aiki tsakanin mai tsara zane da mai aiwatar da shi. A ɗinkin babbar riga, wani ne ke zana aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin yadi, galibi malami ko almajiri mai kyakkyawan hannu, sannan maɗinka su bi layin da allura da zare na makonni ko watanni. Masu saƙar tabarma da faifai kuwa ba hoto ne a gabansu ba, lissafi ne a ka: kaba kaza sama, kaba kaza ƙasa, a layi na gaba a gusa da ɗaya, sai ga siffa ta bayyana. Haka dagin da ake yi a bangon gidajen Kano da Zariya, inda igiya ke hawa sama ta nutse ƙasa bi da bi har ta koma mafarinta. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi dogon nazari a kan waɗannan zane-zane, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Misalin da ya fi kusa da shirin kwamfuta a rubuce shi ne aikin Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari ɗan Katsina, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi na lambobi, wato murabba'in da aka raba gida-gida aka cika da alƙaluma ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A ƙaramin hatimi mai gida tara, lambobi 1 zuwa 9 kan zauna ne yadda kowane layi zai tashi 15, kuma 5 ce ke tsakiya. Abin da ya ɗaga darajar aikinsa shi ne bai tsaya ga nuna hatimin da aka gama ba. Ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gefe mara, mataki bayan mataki, yadda duk wanda ya bi zai isa, ko gefen gida uku ne, ko biyar, ko goma sha ɗaya. Claudia Zaslavsky ta kawo labarinsa a littafinta na 1973 kan lissafin Afirka. Bai dace a kira waɗannan ayyuka zanen kwamfuta ba, domin hannun mutum ne ke aiwatar da su daga farko har ƙarshe. Amma rubuta hanya a madadin rubuta sakamako, wadda ita ce zuciyar fannin, tana cikinsu sarai.

Shekarar 1965 ce ake ɗauka mafarin fannin a bainar jama'a. A watan Fabrairu Georg Nees, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin Siemens, ya baje zanensa a Stuttgart ta Jamus da goyon bayan malamin falsafa Max Bense. A Afrilu A. Michael Noll da Bela Julesz na ɗakunan binciken Bell suka nuna nasu a New York, a Nuwamba kuma Frieder Nake ya baje nasa tare da na Nees a Stuttgart. Aikin na da wuya a wancan zamani. Babu allon da za a ga hoto nan take. Sai a rubuta shiri, kwamfuta ta lissafa ta huda sakamakon a dogon tef na takarda, a ɗauki tef ɗin a sa wa na'urar zane irin Graphomat Z64 ta kamfanin Zuse, ita kuma ta ja alƙalami a kan takarda a hankali. In akwai kuskure a shirin, sai bayan an sha jira ake ganinsa.

Wani zanen Nees na ƙarshen shekarun 1960 mai suna Schotter ya isa ya nuna yadda abin yake. Murabba'ai ne ƙanana, 12 a kowane layi, layi 22 daga sama zuwa ƙasa. Na layin farko suna zaune daram a jere. A kowane layi na gaba, shirin na ƙara wa ƙuri'a 'yancin gusar da kowane murabba'i da karkatar da shi, kaɗan-kaɗan, har a kai ƙasa inda suka tarwatse suna hawa kan juna. Nees bai zaɓi inda ko ɗaya zai faɗa ba. Abin da ya zaɓa shi ne iyakar da rikicin zai kai a kowane mataki, kuma nan gwanintar take. Ƙuri'ar ma ba ta gaskiya ba ce: kwamfuta na fitar da jerin lambobi ne ta hanyar lissafi daga wata lambar tushe, don haka in aka sake ba ta tushen nan, hoton nan dai zai dawo ba ragi ba ƙari.

Masu zanen gargajiya da yawa ba su yi maraba da abin ba, suna ganin injiniyoyi ne suka yi kutse. Noll ya gwada mutane 100 da hotuna biyu, ɗaya na mai zane Piet Mondrian, ɗaya na kwamfuta da ya yi kama da shi. 28 kaɗai suka gane na kwamfutar, 59 kuma suka ce shi ya fi burge su. Baje kolin Cybernetic Serendipity da Jasia Reichardt ta shirya a Landan a 1968 ya kai fannin ga jama'a da yawa. A shekarar ce kuma Vera Molnár, haifaffiyar Budapest mai zama a Paris, ta samu damar taɓa kwamfuta. Kafin nan ta yi shekaru tana bin ƙa'idoji da hannu tamkar ita ce na'urar, daga baya ta shahara da cusa rikici ɗan kaɗan, kashi ɗaya cikin ɗari, a tsari mai tsabta. Ta rasu a 2023 tana da shekara 99, tana aiki har kusan ƙarshe. Harold Cohen, ƙwararren mai zane ɗan Ingila da ya koma San Diego a 1968, ya ƙare rayuwarsa yana renon shiri ɗaya mai suna AARON har rasuwarsa a 2016.

Ta ɓangaren koyarwa, yaren Logo da Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka tsara a 1967 ya sa yara cikin harkar. Yaro kan umarci wani kunkuru mai jan alƙalami: ya yi gaba taku 100, ya juya digiri 90, sau huɗu, sai murabba'i ya fito. In aka mai da juyin digiri 144 aka maimaita sau biyar, tauraro ne zai fito. Shekaru ashirin da suka biyo baya sun kawo kayan aikin lissafi da har yau ake amfani da su: wasan rayuwa na John Conway a 1970, da nazarin Benoit Mandelbrot kan siffofin da ƙaramin sashensu ke kama da babbansu, da dabarar Ken Perlin ta 1983 mai samar da ƙuri'a mai laushi wadda ake zana hayaƙi da gajimare da duwatsu da ita. A 1999 Ron Eglash ya wallafa littafi yana nuna irin waɗannan siffofi masu maimaita kansu a tsarin garuruwa da kitso da saƙa na Afirka, daga baya ya gina manhajojin koyar da lissafi ta hanyar zana kitso.

Intanet ce ta fitar da fannin daga ɗakunan bincike. Burauzar Mosaic ta 1993 ta sa hoto da rubutu a shafi ɗaya, a 1995 yarukan Java da JavaScript suka ba shafi damar motsi da amsa wa mai kallo. Amma Flash, wanda kamfanin Macromedia ya saya a 1996, shi ya mamaye fagen fiye da shekara goma. Fayilolinsa ƙanana ne domin lissafin layi suke ɗauka maimakon ɗigon hoto, abin da ya dace da intanet mai jan ƙafa ta lokacin. Dubban matasa sun koyi shirya manhaja a cikinsa ba tare da sun yi niyya ba, suna neman sa wani abu ya yi tsalle a allo. Kamfanin Apple ya ƙi karɓarsa a wayar iPhone, Steve Jobs ya bayyana dalilansa a 2010, kuma kamfanin Adobe, wanda ya mallake shi daga baya, ya daina kula da shi ranar 31 ga Disamba 2020. Asarar ba ƙarama ba ce. Zanen Nees na takarda na nan a gidan tarihi ana kallo, alhali ayyuka masu yawa da aka yi shekara talatin bayansa sun daina buɗuwa, sai waɗanda masu adanawa irin su Internet Archive suka ceto.

Darasin ya sa masu fannin suka karkata ga kayan aiki na kyauta waɗanda ba mallakin kamfani ɗaya ba. Tun kafin haka ma, Casey Reas da Ben Fry, ɗaliban John Maeda a jami'ar MIT, sun fara Processing a 2001 domin masu zane su riƙa gwaji da shiri cikin sauƙi. Tsarinsa biyu ne: sashen da ke gudana sau ɗaya ya shirya fili, da sashen da ke maimaituwa kusan sau 60 a daƙiƙa yana sake zana allo, kuma daga wannan maimaici motsi ke samuwa. Lauren McCarthy ta soma p5.js a 2013 ta kai wannan tsari cikin burauza, yayin da WebGL na 2011 ya buɗe ƙofar zane mai zurfi uku ba tare da ƙarin manhaja ba.

Kasuwa ta zo daga baya, da hayaniya. Dandalin Art Blocks da aka buɗe a 2020 ya riƙa sayar da ayyukan da ba a san kamanninsu ba sai an saya, kamar Fidenza na Tyler Hobbs mai hoto 999 daga shiri ɗaya a 2021. Farashi ya hau ya sauko cikin ɗan lokaci. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto daga jimlar da aka rubuta musu, irin su DALL-E da Stable Diffusion, ana yawan haɗa su da wannan fanni, amma akwai bambanci mai muhimmanci: mai rubuta shiri ya san kowace ƙa'ida da ke cikin aikinsa, zai iya gyara ta layi-layi, mai rubuta wa basirar jimla kuwa roƙo yake yi ga abin da aka horar da hotunan wasu.

A arewacin Najeriya, inda wayar salula ta fara yaɗuwa daga 2001, na'urar da ke bin umarnin zane ta fi shiga ne ta shagon tela. Injinan aikin kwamfuta da ke yi wa kaftani da babbar riga ado suna karanta fayil mai faɗa wa allura inda za ta soka, ɗinki bayan ɗinki, ko da yake yawancin fayilolin kwafin zanen da aka riga aka sani ne, ba sabon tsari da shiri ya haifa ba. A makarantu kuma ilimin ya rabu gida biyu. Jami'ar Ahmadu Bello na da tsohon sashen zane da ya fitar da Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, tana kuma da cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, amma fannin yana bukatar mutum ɗaya ya riƙe ilimin biyu. A arewacin Zamfara, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983 na cikin manyan makarantun da ke kusa da ɗaliban Ɗan Isa da Shinkafi da Zurmi. Cikas ɗin yankin sun haɗa da ƙarancin wuta da tsadar data, ga kuma katse layukan sadarwa da aka yi a faɗin jihar daga Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, wanda ya ɗauki makonni da dama. A irin wannan yanayi kayan aikin da ba su dogara da intanet ba su suka fi amfani. Processing na aiki a ƙaramar kwamfuta da zarar an sauke shi, haka ma Scratch, wanda MIT ta fitar a 2007 domin yara, yana da alƙalamin zane irin na kunkurun Logo, kuma Hausa na cikin harsunan da ake iya zaɓa a cikinsa.