Yadda mahaukaciyar guguwa ke shafar wuraren shaƙatawa na Florida

Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana kamawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Guguwa kan kai wannan matsayi idan gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a guda. Da dama daga cikinsu suna samo asali ne daga hadarin da ke tasowa daga Yammacin Afirka.

Birnin Orlando na Jihar Florida a Amurka, mazaunin Walt Disney World da Universal Orlando, yana nesa da gaɓar teku, don haka guguwa kan ɗan rage ƙarfi kafin ta iso shi. Duk da haka, Disney, wanda aka buɗe a 1971, ya fara rufe ƙofofinsa saboda guguwar Floyd a 1999. Ya sake rufewa saboda Irma a 2017, da Ian a 2022, da Milton a 2024.

Rufewar ba ta cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Baƙi kan zauna a otal, yayin da ake soke tashin jirage.

Idan hukumar kula da guguwa ta Amurka ta yi gargaɗi cikin kwana 7 kafin isowar baƙo, Disney kan bar wanda ya kama masauki kai tsaye a wurinsa ya ɗage ko ya soke ba tare da tara ba. Ita kuwa inshorar tafiya, galibi ba ta biyan diyya sai in an saye ta kafin a raɗa wa guguwar suna.