Daga Janowa zuwa Agege: tarihin lambobi 90 da ke cin N200 ɗin Kawu

1/ Zaren nan da tsawo, ku gyara zama. Hutun da ya wuce na je Legas wurin kawuna da ke aikin gadi a Agege. Kullum bayan la'asar sai ya zari N200 ya nufi wata rumfar katako, ya dawo da 'yar takarda ya soke a cikin hula. Loto. Bana shekararsa bakwai yana yi.

2/ Kawu ba sakarai ba ne fa. Da albashin gadi ya aurar da 'ya'ya biyu, ya yi ɗaki uku a gida. Shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Da na dawo makaranta sai na shiga tono asalin wasan, har na kusa manta ina da jarabawa. Ashe abin ya haura shekara 400.

3/ Ga yadda ake yi, don waɗanda Allah ya tsare: lambobi ne daga 1 zuwa 90, a fitar da 5. Kai kuma ka canki biyu ko uku daga cikinsu. Tambayar da na fara yi ita ce, me ya sa 90? Me ya sa 5? Amsar tana Italiya.

4/ A jamhuriyar Janowa, dokar 1576 ta ce duk wata shida za a sauya mutum 5 a majalisar mulki ta hanyar ƙuri'a. A zuba sunayen manyan gari 120 a cikin tulu, a zaro 5. Mutanen gari suka ga banza ta faɗi, suka fara caca a kan sunan wa zai fito.

5/ Hukuma ta yi ta hanawa, bai hanu ba. A shekarun 1640 sai ta sauya shawara, ta ba da lasisi tana karɓar rabonta. Daga baya sunayen suka koma 90, aka maye su da lambobi, aka daina jiran zaɓen majalisa. Wasan Kawu kenan, babu abin da ya ragu.

6/ Sai abin ya bazu: Nafoli a 1682, Banis a 1734. A Roma Fafaroma Benedict na 13 ya haramta shi. Wanda ya gaje shi, Clement na 12, ya dawo da shi a 1731 saboda baitulmali ya bushe. Da kuɗin loton aka fara gina mashahurin maɓulɓulan Trevi a 1732, wanda 'yan yawon buɗe ido ke jefa tsaba a ciki har yau.

7/ Akwai wata dabara da ta ba ni dariya, ta kuma ba ni haushi. A wasu biranen an ɗaura kowace lamba da sunan wata budurwa 'yar talaka. In lambarta ta fito, a ba ta kuɗin kayan ɗaki. Kun ga ɗan caca ya samu hujja: ai ba caca nake ba, marainiya nake aurarwa.

8/ Bari mu ɗan leƙa Ingila, don can ne aka yi wanda ya ƙi ci, kuma faɗuwarsa ta fi koyar da ni. Sarauniya Elizabeth ta ɗaya tana neman kuɗin gyaran tashoshin jiragen ruwa. A 1567 aka fitar da tikiti 400,000, kowanne sule 10, babbar kyauta fam 5,000.

9/ Sule 10 a lokacin ya fi ƙarfin lebura nesa ba kusa ba. Ga jira, sai Janairun 1569 aka fara zaro ƙuri'a a ƙofar majami'ar St Paul, aka yi ta yi har watan Mayu. Har alkawari aka yi cewa mai tikiti ba za a kama shi kan ƙananan laifuka ba in ya shigo gari. Duk da haka ko kashi ɗaya cikin goma ba a sayar ba.

10/ Na Janowa ya gyara duk waɗannan kurakuran. Kuɗin shiga kaɗan ne, ko mai tallan ruwa zai iya. Ba a daɗe ana jira ba. Uwa uba, kai ne ke zaɓar lambarka da hannunka. Wannan na ƙarshen shi ne ƙugiyar, za mu dawo kansa.

11/ Faransa. A 1757 ana son gina makarantar soja a Paris, kuɗi ya yanke. Casanova, eh, wancan dai mai labarin mata, wanda bai daɗe da gudowa daga kurkukun Banis ba, ya haɗa kai da 'yan'uwan Calzabigi suka shawo kan hukuma ta buɗe loton 90. An fara zarowa a Afrilun 1758. Yaro ake rufe wa ido ya sa hannu ya ɗauko.

12/ Riba ta yi yawa har sarki ya karɓe abin a 1776. 'Yan juyin juya hali suka soke shi a 1793, wai zaluntar talaka ne. Shekara huɗu kacal, a 1797, aljihu ya yi sanyi suka dawo da shi. Sai 1836 aka rufe. Ingila ma ta rufe nata a 1826, ba ta sake buɗewa ba sai 1994.

13/ Ni a karatuna, gwamnatocin nan ba su taɓa ruɗuwa a kan mene ne loto ba. Haraji ne da ba ya buƙatar dogari. Kakanninmu sun san yadda ake shiga daji in an ce masu haraji sun iso. Wannan kuwa mai biya ne ke bin layi, har yana addu'a kar a rufe kafin a zo kansa.

14/ To mu yi lissafi, kar ku gudu, ba wuya. A cikin lambobi 90 ana iya haɗa biyu-biyu har 4,005. A cikin 5 da za su fito akwai irin wannan haɗin guda 10. Wato in ka canki lamba biyu, abin da 'yan wasan ke kira tu-shuwa, damarka 1 ce cikin 400 da ɗan ɗori.

15/ Da adalci za a yi, N1 sai ta ci N400. Amma nawa ake biya? A Paris na zamanin Casanova, ninki 270. A Italiya yau, 250. A Gana da Najeriya, 240. Wallahi da na jera su sai da na ajiye biro. Sarkin Faransa da aka yi wa juyin juya hali ya fi rumfar Agege sauƙin hannu.

16/ A aljihun Kawu: N200 kullum har kwana 400, N80,000 kenan. A tsakanin nan, bisa lissafi, zai ci sau ɗaya, a ba shi N48,000. Saura N32,000 sun tafi. Shi kuma cankar duka biyar ɗin, 1 ce cikin 43,949,268. Kar ma a fara.

17/ Amma ku lura da wani abu, a nan na fara gane Kawu. 1 cikin 400 ba abu ne mai nisa ba. In unguwa tana da 'yan wasa 400, a mafi yawan ranaku akwai wanda ya ci. Za ka gan shi da idonka, ya sayi tsire ya raba. Sauran 399 ba wanda ke shela. Kowa ya cusa takardarsa a kwata ya wuce.

18/ Kawu kansa ya taɓa ci, ya sayi waya da buhun shinkafa. Ranar da ya ci yana iya faɗa maka har rigar da ke jikinsa. Ranakun da bai ci ba, dukkansu a wurinsa rana ɗaya ce.

19/ Mu koma kan zaɓar lamba da kanka. A Nafoli suna da wani tsari, Smorfia, da ke fassara mafarki zuwa lamba. 90 tsoro ne. 48 mamaci mai magana. In ka yi mafarki ko wani abin mamaki ya faru a unguwa, sai a ruga a buga. A Harlem ta Amurka ma, a shekarun 1920, littattafan mafarki ake sayarwa don cacar lamba uku: damarka 1 cikin 1,000, a biya ka ninki 600.

20/ Kawu yana da littafi mai bango ja, ya cika shi da sakamakon shekaru. Wai in 12 ta fito ranar Litinin, 67 na biye da ita. Na ce Kawu, ƙwallon nan ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san abin da ya fito jiya ba. Ya ce, "Kai yaro ne. Jiya 34 na buga, 35 ta fito. Saura ƙiris." A injin, 35 ba ta fi 89 kusa da 34 ba. A zuciya kuwa maƙwabta ne.

21/ Da zarar ka sa hannunka a zaɓen, faɗuwa ta daina zama sharrin wasan, ta koma kuskurenka. Kuskure kuma gyaruwa yake. Sai ka dawo gobe ka gyara.

22/ Yankinmu: Gana ta kafa sashen loto na gwamnati a 1958 zamanin Nkrumah, loton mako-mako na 5 cikin 90 ya fara a 1962. A Najeriya Kessington Adebutu ya kafa Premier Lotto a 2001, wanda kowa ya fi sani da Baba Ijebu. A Nijar akwai LONANI, inda mutum na Yamai yana caca a kan dawakin da ke sukuwa a Faransa.

23/ A 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta ce dokar loto ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai Abuja kaɗai. Legas ce ta kai ƙarar, don ta riƙa ba da lasisi da kanta. Hisbar Kano kuma ta ce hukuncin ya ba ta damar ci gaba da rufe shagunan caca. Hukunci ɗaya, Legas ta ji kuɗin shiga, Kano ta ji kwaɗo da makulli. Fafaroma biyun nan na sama ne suka dawo.

24/ Kafin malamai su cika min akwati: eh, na sani haramun ce, Kawu ma ya sani, shi ya sa takardar take ɓoye a hula. Abin mamaki, ayar da ta hana caca tana sura ta 5 ne, Ma'ida, aya ta 90. Dacewa ce kawai, don Allah kar wani ya mayar da ita mafarki.

25/ Daren da zan taho na yi ƙarfin hali na ce, Kawu, da adashi ka zuba N200 ɗin nan, ai duk wata N6,000 ce a hannu. Ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Ɗana, N6,000 za ta fitar da ni daga bakin ƙofar nan? Daga la'asar zuwa dare, in takardar nan na kaina, ina da shago a Kano. Ina ma jera kaya."

26/ Ban samu amsa ba. Lissafina daidai ne, amma shi ba N48,000 yake saye ba. Awa huɗu yake saye, a N200, kuma a Legas ban ga abin da ya kai wannan araha ba. Haushina dai shi ne, wanda ya sa farashin ya san haka tun kafin a haifi kakan Kawu, ya kuma rage ninkin daga 270 zuwa 240.

27/ Shekaranjiya na kira shi na karanta masa duk abin da kuka karanta, tun daga Janowa. Ya saurara tsaf, har da "ikon Allah". Da na gama ya ce, "Wace shekara ka ce aka fara zuba sunayen a tulu?" Na ce 1576. Na ji shiru, sai ƙarar buɗe littafi. Ya ce, "15 da 76 kenan ko?"